Rio Negro: Ƙasar Baƙin Ruwa Da Ɗan Kifi Mai Sulke

A arewacin ƙasar Barazil, can cikin ƙungurmin kurmin Amazon, akwai wani kogi da ake kira Rio Negro, watau Baƙin Kogi. Wani Bature mutumin Sifen mai suna Francisco de Orellana shi ya laƙaba masa wannan suna cikin 1542, sa'ad da ya gangaro da jirginsa ya tarar da mashigar wani ruwa baƙi ƙirin. Kogin ya taso ne daga ƙasar Kolombiya, inda ake kiransa Guainía, ya bi iyakar Benezuwela, sa'an nan ya kwararo cikin Barazil. Tsawonsa ya haura kilomita 2,200, kuma duk duniya babu kogin baƙin ruwa da ya kai shi girma.

Wanda ya ji wannan zai zaci abin da ya fi jawo hankalin baƙi a wurin shi ne kada ko mesa ko wani ƙasurgumin kifi. Lalle akwai su. Amma abincin dubban mutanen gaɓar kogin nan ya daɗe yana rataye ga waɗansu 'yan kifaye waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, waɗanda ba a ci, ba a bandawa, sai dai a kai su Turai da Amurka da Japan a zuba cikin akwatunan gilashi domin ado. Cikinsu akwai wani mai suna koridora, wanda ke zaune a ƙarƙashin ƙoramu yana tonon yashi. Mai son ya ga gidan wannan ɗan taliki, to, sai ya shirya doguwar tafiya a kan ruwa, gama babu hanyar mota zuwa wurin.

MANAUS, ƘOFAR KURMI

Daga birnin Manaus ake tashi. Shi ne babban birnin Jihar Amazonas, mutanensa sun wuce miliyan 2. Asalinsa wata 'yar ganuwa ce da Turawan Fotugal suka gina cikin 1669, sunansa kuwa ya samo asali daga wata ƙabila ta ainihin mutanen ƙasar, Manaó, waɗanda suka yi ta gwagwarmaya da Turawan. Har yau ana ba da labarin shugabansu Ajuricaba, wanda aka kama aka ɗaure da sarƙa za a tafi da shi, ya gwammace ya faɗa kogi da ya rayu yana bawa.

Roba ita ta yi wa Manaus arziki a ƙarshen ƙarni na 19. Attajiran wannan zamani suka gina wani ƙasaitaccen gidan wasa, Teatro Amazonas, aka buɗe shi cikin 1896, da kayan ginin da aka yiwo odarsu daga Turai. Sai dai tun cikin 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya riga ya kwashe irin itacen roba kimanin 70,000 ya kai Ingila, daga can aka yaɗa shi zuwa ƙasashen Asiya. Da gonakin Asiya suka kankama, sai kasuwar robar kurmi ta rushe, birnin ya koma kamar an yi ruwa an ɗauke, bai sake farfaɗowa sosai ba sai bayan 1967, lokacin da gwamnati ta mai da shi yankin ciniki mai rangwamen haraji, masana'antu suka shigo. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan labari na roba, domin zai sake cin karo da irinsa a gaba.

Kaɗan daga ƙasan birnin ne Rio Negro ya haɗu da kogin Solimões, watau babban reshen Amazon da ya taso daga duwatsun Andes. Ruwan Solimões ja-ja ne mai laka, kamar kunun kanwa, yana da sanyi da saurin gudu. Na Rio Negro kuwa baƙi ne, yana da ɗumi, yana tafiya a hankali. Saboda wannan bambanci sai su jera kafaɗa da kafaɗa har kimanin kilomita 6 ba su gauraya ba, kai ka ce da zare aka raba su. Babu baƙon da zai zo Manaus a bar shi ya koma bai ga wannan abin al'ajabi ba.

HAWAN KOGI

Jiragen da ke hawan Rio Negro masu hawa biyu ne ko uku. Kowane fasinja yakan zo da gadon lilonsa na yadi, ya ɗaura shi jikin ƙarafan rufin jirgi, a nan zai zauna, a nan zai kwana. A ƙasa kuma an jibge buhunan shinkafa, da jarkokin man fetur, da kwanon rufi, da babura, duk abin da ƙauyukan sama ke bukata. Jirgi yakan bi ta ƙarƙashin wata doguwar gada mai tsawon kilomita 3 da rabi wadda aka buɗe cikin 2011, daga nan birni ya ɓace, sai ruwa da itatuwa.

Ba a jima ba za a shiga tsibiran Anavilhanas, su kimanin 400, dogaye sirara, jere cikin kogi. A nan matuƙin da bai san hanya ba sai ya wuni yana kewaya wuri guda. In matafiyi ya sa kofin gilashi ya ɗebi ruwan kogin zai ga ashe ba baƙi ba ne, launin ruwan shayi ne wanda ba a sa wa madara ba, garau babu laka. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wannan kuwa yana da tsami, dalilinsa ma sananne ne. Ƙasar da kogin ya ratso galibi farin yashi ce, ba ta da yumɓun da zai riƙe tsatson ruɓaɓɓen ganye. Saboda haka duk ganyen da ya faɗi ya jiƙa, sai ruwan sama ya wanke rininsa da tsaminsa ya zuba cikin ƙorama, ƙorama ta kai kogi. Wannan tsami ya sa sauro ba ya yawaita a nan kamar yadda yake a kogunan laka, abin da matafiya ke godiya a kai. Amma kuma ruwan ba shi da gishirin ƙasa mai ciyar da tsiro, gonar gaɓarsa ba ta albarka, har waɗansu suka riƙa kiran irin waɗannan koguna kogunan yunwa.

Duk da haka kifi iri-iri ya cika shi. Wani lissafi da masana suka buga cikin 2019 ya nuna akwai fiye da iri 1,100 a kogin da rassansa. Asirin abin yana ga cikar ruwa. Kowace shekara kogin yakan hau kimanin mita 10, ya malale cikin kurmi nesa da gaɓa, itatuwa su yi wata da watanni tsaye cikin ruwa. Wannan kurmi mai nitsewa shi mutanen wurin ke kira igapó, ƙananan ƙoramun da ke ratsa daji kuma igarapé. Abin da ruwa ya kasa samarwa, itatuwa ke zubo shi daga sama: 'ya'yan itace, da furanni, da ƙwari, da ganye. Watau kurmi ne ke ciyar da kifin Rio Negro.

ƊAN KIFI MAI SULKE

A cikin irin waɗannan ƙoramu, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, aka sami yashi mai laushi da matattun ganyaye, nan koridora yake. Dangin tarwaɗa da ƙurungu ne na nesa, yana da gashin baki kamarsu, sai dai shi yawancinsa tsakanin santimita 4 zuwa 7 yake, akwai ma ƙananan da ba su wuce santimita 3 ba. Jikinsa gajere ne mai tozo, cikinsa shimfiɗaɗɗe domin zama a ƙasa, bakinsa yana kallon ƙasa. Da gashin bakin nan yake lalube cikin yashi, yana ɗanɗana abin da ya taɓa, ya zaƙulo tsutsa da 'ya'yan ƙwari. Wani lokaci yakan cusa hancinsa har idanu cikin yashi, ya zuƙe shi, ya tace abinci, ya fitar da sauran ta kafofin gefen kansa.

Tarwaɗa santsi gare ta, shi kuwa koridora sanye yake da sulke. Kowane gefen jikinsa akwai layi biyu na faifan ƙashi masu hawa kan juna, tun daga wuya har wutsiya, kansa kuma rufe da ƙashi mai tauri. Daga nan ya sami sunansa. Wani masani Bafaranshe, Lacépède, shi ya raɗa masa Corydoras cikin 1803, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin kwalkwali da fata. Bayan sulke yana da mashi uku: ƙaya guda a fiffiken baya, da guda-guda a fukafukan ƙirji. In ya ji tsoro sai ya miƙe su ya kulle, yadda tsuntsu ko babban kifin da ya haɗiye shi zai sha wuya. Duk masuncin da ƙurungu ya taɓa soka ya san irin wannan makami. Ƙayar koridora kuma tana da ɗan dafi mai raɗaɗi, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Wani abin mamaki shi ne yadda yake shan iska. Mai kallo zai ga garken kifin suna kiwo a ƙasa, can sai ɗaya ya zabura sama kamar kibiya, ya kafa baki a fuskar ruwa, ya komo nan take. Iska ya haɗiya. Ƙarshen hanjinsa yana da sirarar fata mai yawan jijiyoyin jini, nan jini ke ɗaukar iskar oksijin, ragowar ta fita ta baya. Wannan baiwa ita ke cetonsa da rani, sa'ad da ƙorama ta tsinke ta zama kududdufai masu zafi, waɗansu kifayen suna mutuwa don rashin iska. Yana kuma iya juya idonsa ƙasa farat ɗaya ya mayar, har masu kiwonsa su ce ƙifta musu ido yake yi, alhali ba shi da fatar ido. Yakan yi 'yar ƙara ta hanyar goga gindin ƙayar ƙirjinsa, musamman lokacin neman mace ko in an kama shi.

Ba ya zama shi kaɗai. Garke-garke suke tafiya, daga gomiya har ɗaruruwa, gama sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Saukar ruwan sama, wanda ke sanyaya ƙorama ya kawo sabon abinci, shi ke tayar musu da sha'awar haihuwa. Namiji yakan gitta a gaban mace, ta kai bakinta gefen cikinsa. Cikin 1995 waɗansu masana na Japan suka nuna cewa, a wani iri da suka bincika, macen haɗiye ruwan namijin take yi, ya ratsa hanjinta cikin hanzari ya fito a kan ƙwan. Ƙwan nan 'yan ƙalilan take saki a lokaci guda, ta haɗa fukafukan cikinta biyu kamar aljihu ta riƙe su, ta tafi ta nemi ganye ko dutse mai tsabta ta manna. Haka za ta yi ta maimaitawa har ta gama. Bayan 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe, babu uwa babu uba a kansu.

Ba a Rio Negro kaɗai ake samunsa ba. Danginsa sun bazu gabashin duwatsun Andes, tun daga tsibirin Tirinidad a arewa har Ajantina a kudu, kuma irin da aka riga aka raɗa wa suna sun wuce 200. A Ajantina an tono sawun ƙasusuwan wani a jikin dutse, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa kimanin miliyan 58, siffarsa kuwa ba ta bambanta da na yau sosai ba. Charles Darwin ma ya kamo wani iri mai ɗigo-ɗigo a tafiyarsa ta jirgin Beagle, aka bayyana shi a rubuce cikin 1842, kuma wannan irin ne wani Bafaranshe, Pierre Carbonnier, ya samu ya hayayyafa masa a birnin Faris cikin 1878. Sababbin iri sun yi ta fitowa daga daji fiye da yadda masana za su iya ba su suna, har wata mujallar Jamus ta fara ba su lambobi cikin 1993, ana cewa C1, C2, haka dai. Cikin 2024 aka sake tsara dangin duka aka kasa su gida bakwai, da yawa suka sami sabon sunan kimiyya, ko da yake a bakin masunta da 'yan kasuwa har yanzu koridora ne.

BARCELOS, GARIN MASU KAMUN KIFIN ADO

Bayan kwana ɗaya da 'yan awoyi a babban jirgi, an wuce mashigar kogin Branco wanda ya gangaro daga arewa, sai a hango hasumiyar coci da jerin gidaje masu fenti a kan tudu. Barcelos ke nan, kimanin kilomita 400 daga Manaus. Ƙaramin gari ne, amma tsohon gari. Limaman Kirista suka kafa shi cikin 1728 da sunan Mariuá, cikin 1758 aka sake masa suna, ya zama hedkwatar farko ta lardin Rio Negro tun Manaus ba ta zama komai ba. A farkon ƙarni na 19 mulki ya koma ƙasa gaba ɗaya, ya bar garin da tarihi. Ƙasar da ke ƙarƙashin hukumar Barcelos ta kai murabba'in kilomita 122,000, ta fi Jamhuriyar Benin faɗi, amma mutanenta duka ba su kai 30,000 ba. A gabansa kuma akwai ɗaruruwan tsibirai waɗanda suka gaji tsohon sunan, Mariuá.

Cinikin kifin ado ya kankama a nan ne bayan 1956, shekarar da aka bayyana wa duniya wani ɗan kifi mai ja da shuɗi mai ƙyalli, wanda ake kira kardinal. Shi ne sarkin kasuwar, shi ya fi yawa nesa ba kusa ba cikin abin da ake fitarwa. Koridora da sauransu suna biye. Duk ƙananan kifin nan mutanen wurin piaba suke ce musu, mai kamunsu kuwa piabeiro. A shekarun da kasuwa ke ci, kifin da ke fita daga wannan yanki yakan haura miliyan 20 a shekara, kuma an ƙiyasta fiye da rabin kuɗin da ke shiga garin daga nan yake.

Aikin piabeiro na haƙuri ne. In ruwa ya fara janyewa daga kurmi, yakan ɗauki iyalinsa ko abokan aikinsa su tafi su kafa bukka a bakin wata ƙorama mai nisa, da guzurin garin rogo soyayye, ɗan'uwan garin kwaki. Da sassafe zai shiga ɗan kwale-kwalensa, ya zauna a goshi, filafili a hannu guda, a ɗayan kuma wata homa mai laushin raga da suke kira rapiché. Yakan kaɗa ruwa a hankali ya kora kifin cikinta. Inda homa ba ta shiga sai ya kafa ɗan tarko mai suna cacuri. Abin da ya kama yakan zuba cikin kejin raga da aka kafa cikin ruwa, yana ciyar da su, har ranar da jirgin dillali zai zo. Daga nan a juye su cikin farantan roba masu zurfi, a jera hawa-hawa cikin jirgi, ana canja musu ruwa a hanya har Manaus. A can ne ake tsare su a duba lafiyarsu, a ɗura su cikin leda da ruwa kaɗan da iskar oksijin, a sa cikin kwali mai riƙe ɗumi, jirgin sama ya ɗauka.

Koridora yana da wuyar sha'ani a wannan tafiya. Ƙayarsa tana huda leda, don haka akan ninka ta. In kuma aka cunkusa su da yawa suka firgita, waɗansu irin sukan saki dafinsu cikin ruwan, ya kashe su da kansu. Gwanayen masu ɗaurin kaya sun san haka, sukan canja musu ruwa bayan firgitar farko kafin su ɗaure bakin leda.

Ribar dai ba ta tsaya a hannun mai kamu ba. Kardinal dubu-dubu ake sayensa a bakin ƙorama, kuma kuɗin ƙwaya biyu ko uku a kantin Turai yakan kai abin da aka biya masunci a kan ɗaruruwa. Da yawa kuma sun gaji tsarin bashi na zamanin roba, inda maigida zai ba da gishiri da sukari da man fetur tun kafin a tafi daji, a biya shi da kifi a farashin da shi ya yanka. Duk da haka mutanen Barcelos suna alfahari da sana'arsu. Tun 1994 suke yin bikin kifin ado a ƙarshen watan Janairu, gari ya rabu biyu, masu goyon bayan kardinal da masu goyon bayan wani faffaɗan kifi mai suna acará-disco, a yi gasar rawa da waƙa da ado a wani fili da aka gina musamman domin haka.

CAN SAMA, WAJEN DUWATSU

Wanda bai gaji ba sai ya ci gaba da hawa. Bayan Santa Isabel kogi yakan fara tsukewa, duwatsu su fito, ruwa ya riƙa tafasa a kansu. Daga arewa, kan iyakar Benezuwela, akwai Pico da Neblina, dutse mafi tsawo a Barazil, mita 2,995, wanda hazo ba ya barin kansa. Kimanin kilomita 850 daga Manaus sai ga São Gabriel da Cachoeira, dab da layin da ya raba duniya biyu. Kusan kashi 9 cikin 10 na mutanen wannan yanki ainihin 'yan ƙasa ne, ƙabilu fiye da 20. Cikin 2002 hukumar garin ta kafa dokar da ta ɗaga harsuna uku, Nheengatu da Tukano da Baniwa, su zama harsunan hukuma tare da Fotugis, abin da ba a taɓa yi ba a Barazil kafin nan. Gaba kaɗan, cikin Benezuwela, akwai mashigin Casiquiare wanda ya haɗa wannan kogi da Orinoco, wanda Alexander von Humboldt ya bi cikin 1800 ya tabbatar wa Turai da gaskiyarsa.

Wani Baturen Ingila, Alfred Russel Wallace, ya yi yawo a nan tsakanin 1850 da 1852 yana tara halittu yana zana kifaye. A hanyarsa ta komawa gida jirginsu ya kama wuta a tsakiyar teku, wahalar shekaru ta ƙone, suka kwana 10 cikin ƙaramin kwale-kwale kafin a cece su. Cikin ɗan abin da ya tsira da shi akwai zanen kifaye fiye da 200, waɗanda ba a buga su cikakku ba sai cikin 2002.

A ƙoramun wannan yanki ne ake samun wani koridora da masu kiwo ke rububinsa, mai suna adolfoi, wanda aka bayyana cikin 1982. Jikinsa fari-fari ne, da baƙin zane da ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli, da baƙin layi a gadon baya, da tabo ruwan lemo a ƙeya. Sai aka lura cikin garkensa akwai waɗansu masu kaya iri ɗaya sak, amma hancinsu ya fi tsawo. Da aka bincika sai aka ga wani iri ne dabam, aka raɗa masa imitator cikin 1983, watau mai kwaikwayo. Wani bincike da aka buga cikin 2011 ya nuna wannan hali ya yaɗu cikin dangin: iri biyu ko uku sukan zauna wuri guda da launi guda. Hikimar ita ce, tun da dukkansu masu ƙaya ne, tsuntsun da ya sha suka sau ɗaya zai guji duk mai wannan launi, kowa ya huta. Ba sa kuma faɗa kan abinci, gama mai dogon hanci yana tono can ƙasa, mai gajere yana kiwo a sama-sama.

ABIN DA KE GABA

Mai karatu zai iya tambaya, ashe kwashe miliyoyin kifi kowace shekara ba ɓarna ba ce? Masanan da suka daɗe suna binciken abin sun ce game da kardinal ba haka ba ne. A daji ba ya cika wuce shekara guda, kuma da yawa cikin waɗanda ake kamawa da ma mutuwa za su yi in ruwa ya janye, cikar ruwa ta gaba kuma ta mayar da gurbinsu. Bugu da ƙari, mutumin da abincinsa ke fitowa daga ƙorama ba ya son a sare itacen da ke yi mata inuwa, ba ya son gobara, ba ya son a zuba guba. Wannan ne ya sa wani malamin jami'a a Manaus, Ning Labbish Chao, ya kafa wani shiri mai suna Piaba, wanda ke kira ga masu saye a ƙasashen waje su nemi kifin Rio Negro domin kurmi ya tsira. Har yanzu kwarin wannan kogi yana cikin sassan Amazon da gatari bai yi wa illa sosai ba. Sai dai koridora irin adolfoi sha'aninsa dabam ne, domin ƙasarsa 'yar kaɗan ce, yana kuma daɗewa a duniya fiye da kardinal, saboda haka kamunsa yana bukatar lura.

Haɗarin da ya fi kusa ya fito ne daga inda na roba ya fito. Masu kiwon kifi a ƙasashen Asiya da Turai da Amurka sun gano yadda za su sa kifin nan su hayayyafa cikin tankuna. Yawancin koridoran da ake sayarwa a kantunan duniya yau ba su taɓa ganin Amurka ta Kudu ba, kardinal ma an fara samunsa haka. Ciniki ya ja baya a Barcelos, masunta da yawa sun ajiye homa. Waɗansu sun zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kamun wani babban kifi mai suna tucunaré don nishaɗi, aikin 'yan watanni ne a shekara. Waɗansu sun shiga daji yankan zaren piaçava da ake tsintsiya da shi, aiki mai wuya wanda bashi ya yi wa katutu. Waɗansu sun gangara Manaus. Ga kuma masu haƙar zinariya ba da izini ba, waɗanda ke zuba sinadarin makuri cikin ruwa, waɗanda ɓarnarsu a ƙasar ƙabilar Yanomami ta sa gwamnatin Barazil ta kafa dokar ta-ɓaci kan lafiya a watan Janairu 2023.

Kogin kansa ma ya fara sauya hali. Tun 1902 ake auna tsayin ruwa a kwatar Manaus. Cikin Yuni 2021 ya kai mita 30.02, cikar da ba a taɓa gani ba. Cikin Oktoba 2023 ya faɗi zuwa mita 12.70, ƙarancin da ba a taɓa gani ba, sa'an nan cikin Oktoba 2024 ya sake faɗuwa zuwa mita 12.11. Jirage suka kafe a kan yashi, ƙauyuka suka yanke daga abinci da magani, hayaƙin gobarar daji ya rufe Manaus, kifi ya yi ta mutuwa a tafkuna. Koridora yana iya haɗiyar iska ya jure kududdufi mai zafi, amma ba shi da dabarar ƙoramar da ta bushe ƙurmus. Kurmin da ke nitsewa kuma, in ya bushe ya kama wuta, yakan yi shekaru masu yawa bai komo ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Makomar ɗan kifin nan, da ta mai homa, da ta itatuwan da ke tsaye cikin baƙin ruwa, duk a ɗaure suke wuri guda. Masunta a Barcelos sun kafa ƙungiyar gama-kai domin su sami farashi mai kyau, su kuma shaida wa mai saye inda kifinsa ya fito. Ko wannan zai isa ya riƙe matasa a bakin ƙorama, ya danganta ga abin da masu saye a ƙetaren teku suka zaɓa, da kuma yadda damina za ta kasance a shekarun da ke tafe.